Barnabas da Abokin Karawarsa

Ranar da Barnabas ya fara hawa sikelina hadari ya haɗu tun hantsi ta wajen kogin Kumadugu, ya yi baƙi ƙirin, har muka rufe buhunan tattasai da leda. Muka zauna jiran ruwa har la'asar, ko ɗigo bai sauka ba. Cikin wannan gumi ne Mushe Isufu, mai kula da 'yan damben Turawa na garin Diffa, ya shigo kasuwa da takarda a hannu, wani ƙato na biye da shi, Barnabas ke nan. Ya ce sikelin buronsu, wato ofishinsu, ya lalace, in taimaka in auna masa mutum. Shekarata talatin ina auna buhu, ban taɓa auna abin da ya hau da ƙafarsa ba.

Na san Barnabas tun yana ƙarami. Ubansa ɗan kasuwa ne daga wajen Maraɗi, yana cikin Kiristocin nan kaɗan na gari. Yaron ya koyi damben da ake sa safar hannu a wurin wani soja, ya mai da shi sana'a. A ajin masu kilo saba'in da biyar yake. Ya je Damagaram, ya je Yamai, ya kayar, an kayar da shi. Amma akwai wani mutum guda a ajin nan da ya buge shi sau uku, kuma kullum a ido ɗaya.

Mushe Isufu ne ya duba takardunsa ya ga ajin manya, na masu kilo tasa'in da ɗaya zuwa sama, babu kowa a cikinsa duk faɗin jihar. Ya ce, "Barnabas, ga ɗaki babu mai shi. Ka ci abinci ka shiga."

Wata takwas matarsa Priskila tana dafawa. Burabusko da miyar banda da safe, shinkafa da rana, tuwo da almuru, tsakani kuma ƙosai da madarar raƙumi. Ranar hadarin nan na matsa ƙarfen sikeli, ya tsaya a tasa'in da uku.

Aka shirya karawa a filin kokawa. Aka ɗaura igiyoyi, Barnabas ya hau da safarsa, alƙalin wasa ya hau da farar riga. Aka buga ƙararrawa. Alƙali ya juya wajen kusurwar da babu kowa, ya ƙirga mata har goma da yatsu, a natse, sannan ya ɗaga hannun Barnabas. Aka ɗaura masa ɗamarar zakara. Na tambayi Mushe Isufu wa aka ƙirga wa, ya ce haka dokar take, Baba, ba ni na rubuta ba.

Haka aka yi shekara huɗu. Kowace shekara in auna shi, a ƙirga wa kusurwa goma, a ɗaga hannunsa. Mutane sukan zo kallo, don Priskila na sayar da ƙosai a bakin ƙofa. A shekara ta uku wani Babarbare ya yi ta roƙon kusurwar ta daure ta tashi.

Abin ya fara cin Barnabas a rai. Wata rana ya zauna bisa buhu kusa da ni. Ya ce, "Baba, ko sauro na kashe a gida, sai Priskila ta ce a kira alƙali ya ƙirga. So nake in yi dambe sau ɗaya saboda ɗamarar nan. Ko a kayar da ni. Sau ɗaya kawai."

Ya shiga neman abokin karawa. Ya je wurin wani dillalin tattasai mai tumbi, mutumin ya ce shi ko matarsa ba ya ɗaga wa murya. Ya samo wani soja mai kilo ɗari, saura sati biyu aka canza wa sojan wurin aiki. Sai aka ba shi labarin wani ɗan gudun hijira a sansanin Sayam Forage, Sabi'u, wanda ya yi damben gargajiya a garinsu can ƙetaren kogi kafin tashin hankali ya koro su. Aka ce ƙato ne. Barnabas ya bi mota ya je, ya tarar da mutum dogo kamar sandar gora. Ya kawo mini shi, na auna: kilo sittin da tara.

Sabi'u ya saurari bayanin duka, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Oga, in na gane, za ka ciyar da ni har in yi ƙiba, sannan in dake ka?"

"In ka iya."

"To ni ban ga inda zan yi asara ba."

Barnabas ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Priskila ta tsaya a bakin ƙofa tana duban baƙon daga sama har ƙasa. Ta ce, "Baban Murna, tukunyata ɗaya ce, hannuna biyu. Na cika rijiya guda, yanzu ka haƙo mini wata?" Ya ce ta riƙa raba nasa biyu, ta ba baƙo babban rabo.

Ya kafa wa Sabi'u doka. Kada ya yi tafiya mai nisa, kada ya ɗauki kaya, kada ya zauna cikin rana. Barnabas ke ɗebo masa ruwan wanka. In Sabi'u zai je masallacin Juma'a, Barnabas ke tsayar masa da adaidaita, ya jira shi a waje, don kada ya dawo a ƙasa. Shi kuwa Barnabas, tunda yanzu dambe na gaske ke tafe, sai ya koma motsa jiki. Kullum da asuba ya yi gudu har gadar Bagara ya dawo, ya naushi buhun yashi har hantsi. Duk Talata yakan kawo Sabi'u in auna, ya tsaya yana kallon ƙarfen kamar mai kiwon ragon layya. Shi bai hau ba ko sau ɗaya. Na ga wandonsa ya fara yi masa yawa, na ce, "Kai fa?" Ya ce, "Ni na riga na shiga, Baba."

Wata goma sha ɗaya aka yi. Ranar awo, kasuwa ta tsaya. Sabi'u ya hau, wuyansa ya yi ninki biyu: tasa'in da biyu. Barnabas ya rungume shi. Sannan ya tuɓe riga ya hau. Na matsa ƙarfe, na sake matsawa, na hure ƙurar tattasai da ke kai. Tamanin da takwas.

Mushe Isufu ya duba takarda ya ce doka ta ba shi awa biyu. Priskila ta juye masa ƙosan sayarwa duka. Ya sha ruwa kwano shida, ya ci kankana biyu. Sabi'u na yi masa fifita yana cewa, "Daure, Oga, ni ma haka ka yi mini." Ya sake hawa da ƙyar, tasa'in da rabi. Wani daga baya ya ce in ɗan ɗora ƙafata a gefe, ai ba wanda zai faɗa. Barnabas ya ce wanda ya taɓa sikelin nan shi zai fara duka.

Washegari Sabi'u ya hau filin shi kaɗai. Ba shi da mai riƙe masa ruwa, sai Barnabas ya riƙe masa, shi ya ɗaura masa safa ma. Alƙali ya juya ya ƙirga wa kusurwa goma. Barnabas ya kwance ɗamarar da kansa ya miƙa.

Na ce da su, tunda ga ku ga juna, ku je bayan gida ku gwada mana. Barnabas ya ce in babu takarda da ƙararrawa wannan faɗa ne, kuma shi dattijo ne a coci. Ya ce zai mai da jikinsa baɗi. Priskila ta ce ita ta gama, wanda ke son ƙiba ya hura wuta da kansa. Ya gwada dafawa na wata biyu, ya ƙara ramewa. Shekarar da ta biyo, Mushe Isufu ya ce masa shekarunsa sun wuce na doka.

Barnabas yana nan Diffa, yana gadin wani siton tattasai a bayan kasuwa, kilo tamanin da biyar. Ɗamarar tana wurin Sabi'u shekara ta uku ke nan, shi ma bai daki kowa ba tukuna.