Mai Goyo Kan Buhun Tattasai

A tashar Diffa, da sanyin safiya, wata mata tana zaune kan buhun tattasai, goye da jariri mai tari, babban kuma kwance a cinyarta. Yatsunta jawur saboda tsinka. Da ganinta, tun shigowar sanyi ba ta huta ba: wannan ya tashi, wancan ya kwanta.

Tana ɗauraye kwalbar maganin tari da ruwa, tana ɗura wa babban.

"Kellu, likita fa ya ce ki raba su da ƙaurin tattasai," in ji tsohuwar da ke gefenta.

"Iya, in kai su ina? Ɗakin kwananmu ma buhuna ne har rufi."

Jaririn ya sake sarƙewa. Ta gyara zama kan buhun, tana jijjiga goyon.