Ranar da Alhaji Ya Hau Kurar Babana

Babana gardi ne, mai wasa da kura. Na faɗa tun farko don kada wani ya riga ni, domin a garin nan na Greensboro, a Amurka, an sha riga na faɗa. Yana da kura ɗaya, da birai biyu, da mesa a akwatin katako. Ranar kasuwa ya ɗaura warkinsa mai ƙararrawa, makaɗa su saki ganga, ya ja sarƙa, sai kasuwa ta watse ta sake haɗuwa a kansa. Ni ce 'yar da ake ɗorawa a bayan kurar don jama'a su ga ba ta cizo. Har yau hancina bai manta warinta ba, kuma wallahi ina kewarsa.

Wasan kasuwa kowa ya san shi. Amma akwai aikin da ake yi a gida, a asirce. Uwa takan kawo ɗanta mai firgita ko mai fitsarin kwance da sassafe, ta ƙofar baya, a ɗora shi a kan kura, a zaga da shi sau uku, a rataya masa laya. Dokar Baba a nan ɗaya ce: wanda ya shigo ta ƙofar baya ba mu gan shi ba, ba mu san shi ba, har abada.

Bayan aure ya kawo ni Amurka na kama aikin kula da tsofaffi, sai na ɗauko Baba ya zo ya ga jikokinsa. Ya haura saba'in a lokacin. Sati biyu yana zaune a falon gidanmu a unguwar Pleasant Garden yana kallon ciyawa ta taga, ba maƙwabcin da zai leƙo, har na fara jin tausayinsa. Sai ga masu wasan dabbobi sun sauka a gari, abin da 'ya'yana ke kira circus. Ranar Asabar da rana na kwashe su duka muka tafi.

Masu lilo a sama ba su dame shi ba. Da giwaye suka shigo a jere, kowacce ta kama wutsiyar ta gabanta, sai ya miƙe tsaye, na bayansa suna ta mita. Da aka fito da damisoshi kuwa, mutumin da ke cikin keji tare da su kawai yake kallo.

"Dubi ƙafarsa," ya ce da ni. "Ba ya ba su baya. Wannan ya taɓa shan cizo."

Da aka tashi ya ƙi shiga mota sai da muka zaga bayan ginin, inda ake jin warin dabbobin. Ya shaƙa, ya yi dariya, ya ce ashe Turawa ma suna da gardawa, har da fitila da kujeru. Tun daga ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha labarin giwaye.

Sati na zagayowa aka yi suna a gidan wani Alhaji ɗan garinmu, dillalin motoci, wanda ya sayi katafaren gida a unguwar Irving Park. Shekara uku ya ba ni. Baba na zaune cikin dattawa a kan darduma, ya ɗauko labarin giwaye, ana sauraro, sai maigidan ya katse shi.

"Baba, a nan ba a irin wannan hirar. Animal abuse ne, cin zalin dabbobi, kuma ku da kuka ƙare rayuwa da kura da layu, istigfari ya fi muku." Sannan ya ɗaga murya ya ce da ni, "Hajiya, ki duba jakarsa, kada ya sako mana biri a falo."

Aka yi dariya. Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Allah ya raya," ya ɗauki takalmansa ya fita. A mota na ce, "Baba, ba shi ne wanda uwarsa ta…"

"Ban san shi ba," in ji shi.

Bai ƙara ambaton giwa ba har ya koma gida. Shekara na zagayowa ya rasu.

Na riƙe abin nan shekara tara. Ina haɗuwa da Alhaji a masallaci da gidan biki, in durƙusa in ce ina wuni, a raina ina cewa akwai ranarka. A tsakanin nan aka daina kawo dabbobin circus gari. Na san dalilan da aka bayar, wasu ma na yarda da su, amma na yi kuka.

Sai ga shi bara an naɗa Alhaji shugaban kwamitin ranar al'ada, don yaranmu da ba su san komai na gida ba. Ya bugo mini waya, murya kamar zuma.

"Hajiya, kayan marigayi suna nan kuwa? Ai heritage ne, gadon gargajiya, ya kamata yara su gani."

Suna nan. Yayana ya aiko mini da warkin da sarƙar da takunkumin kurar bayan rasuwa. Na ce, "To, Alhaji."

A wani zaure kusa da titin Elm Street aka taru, ya cika maƙil. Alhaji ya ɗaga takunkumin sama yana bayanin jarumtar mutanen da, ya kaɗa ƙararrawar warkin babana da hannun nan nasa. Da ya tsaya a nan, wataƙila da na bar shi. Sai daɗin baki ya ɗebe shi.

"Ni da kaina na hau kura ina ɗan shekara goma sha biyu, ko gezau ban yi ba!"

Yara suka ce, "No way!" Ya miƙo mini makirufo, ya ce ga 'yar mai kurar nan, ta ba da shaida.

Na ce gaskiya Alhaji ya faɗa, ya hau, ni na riƙe sarƙar. Na ce mahaifiyarsa ce ta kawo shi da sassafe ta ƙofar baya, da tabarmarsa a naɗe tana ɗiga, don ya gagari kowa da fitsarin kwance. Na ce da aka ɗora shi ya kurma ihu yana kiran Inna, ya jiƙa bayan kurar sharkaf, sai da ni da yayana muka wanke ta da toka. Na ce sau uku ana dawo da shi. Sannan na maimaita komai da Turanci, a hankali, don jikokinsa su fahimta.

Wata Hajiya 'yar Nijar ce ta fara fashewa da dariya, tana cewa da Faransanci, "Wayyo Allah, c'est pas vrai!" Daga nan ba a iya tsayar da kowa ba. Alhaji ya tsaya da takunkumi a hannu, bakinsa a buɗe. Na karɓe kayan ubana na fita, kuma daɗin da na ji bai misaltuwa.

Kafin kwana uku labari ya kai garinmu. Yayana ya kira.

"Ta ƙofar baya fa ya shigo," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Baba ma ya sani ranar da aka ci masa mutunci, ya haɗiye. Ki maido mini da kayan. Na mai riƙe dokar Baba ne."

Ban yi musu ba. Na sa su a kwali na kai gidan waya, ƙararrawar na kaɗawa a ciki har ma'aikaciyar ta tambaye ni mene ne. Na ce kayan aikin babana ne. Yanzu ba ni da komai nasa a ƙasar nan, kuma na san da yana raye da ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Duk da haka, da za a sake miƙo mini makirufon nan da na sake faɗa, har da abin da na manta ranar.