Yadda Inna ta raba "he" da "she"

Inna ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba, domin shi ne ɗanta na fari. In za ta yi zancensa sai ta ce "shi", kowa a gidanmu kuma ya san wanda take nufi. Yaya yana aiki a kudu, can ya auri wata musulma wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan. Da ta haihu, sai ya kawo ta Illela da jaririyar domin dangi su gan su, ya koma bakin aikinsa ya bar ta a hannunmu.

Ni malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata, don haka na zama tafinta. Amma da safe ina makaranta, ita da Inna sai dai su yi ta nuni da hannu. Inna mace ce da ta yi shekaru tana kai atamfa Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ta iya ciniki da Faransanci da Fillanci, ba ta saba zama kurma a gidanta ba. Wata rana ta tare ni tun ban cire mayafi ba.

"Ki koya mini Turancin nan naku. In Faransanci bai gagare ni ba, wanga ma ba ya gagarata."

Muka fara da ni da ke da mu, ta kwashe su ba wuya. Abin da ya ba ta mamaki shi ne "you". Ta ce, "Wato namiji da mace da taron jama'a duk abu guda? Lalle mutanen nan ba su son wahala." Da muka zo kan "he" da "she" aka yi tsaye. Na ce mata "she" na mace ne.

"Mi kinka ce? Shi ɗin?"

"Eh, Inna. Nasu shi ɗin ita ce."

Ta ce ta gane, amma bakinta bai yarda ba.

Ana haka Yaya ya buga wa Inna waya ya ce zai zo ran Juma'a, lokacin ba ni nan. Inna ta leƙa ɗakin surukarta ta ce, "She come Friday." Yarinyar ta ɗauka mahaifiyarta ce, don dama an yi maganar za ta zo ganin jika. Na dawo na iske ta ta share ɗakin baƙi, ta aika kasuwa an sayo busasshen kifi irin wanda tsohuwarta ke so, sai murna take yi. Ni na faɗa mata mijinta ne. Ta yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Inna ma ta gani.

Tun daga ranar ta ɗauki abin da gaske. Ta ɗauko tsohuwar hular Baba da kallabinta ta rataye a igiyar shanya. In ta wuce sai ta taɓa hula ta ce "he", ta taɓa kallabi ta ce "she". Duk wanda ya yi sallama sai ta yi masa hukunci a hankali, mai tallan nono "she", mai kawo ruwa a kura "he".

Sai kuma "his" da "her". Nan ta yi mini tambayar da ɗalibaina ba su cika yi ba.

"Mota mace ce. Motarshi, her car ke nan?"

"A'a. Su ba ruwansu da motar, mai ita suke dubawa. In namiji ne, his. In mace ce, her."

"To ai wannan ya fi na Faransa sauƙi. Su kayan suke bi."

Ran da Yaya ya iso, muna zaune a tsakar gida ana raba tsaraba. Inna ta ɗaga takalmi ta dubi surukarta ta ce, "His shoe." Ta ɗaga 'yar rigar jaririya, "Her dress." Yaya ya saki baki yana kallonta. Ita ko ta kansa ba ta bi ba, kamar yadda ba ta taɓa bi ba a gaban mutane. Ta nuna shi da haɓa ta ce wa matar, "He is thin. Give him food." Ban koya mata "him" ba, a bakina ta tsinta.

Surukar ta ƙara wata guda a wurinmu, ita ma ta fara kama Hausa. Wata safiya ta durƙusa ta ce, "Mama, ka tashi lafiya?"

Inna ta ajiye muciya. "Kin tashi. Ni mace ce. Sake faɗi."

Ta sake, sai da ta faɗa daidai sannan Inna ta amsa gaisuwar, ta miƙa hannu ta karɓi jikarta.