Rayuwar Mai-Yashi, Maginin da Ya Toshe Tagogi

Haihuwa

An haifi marigayi, wanda duk unguwa ta sani da laƙabin Mai-Yashi, a shekarar 1958, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana ɗinki a gida. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi ne mafi ƙarancin magana. Wannan hali bai rabu da shi ba har kabari.

Karatu da koyon sana'a

Ya shiga makarantar firamare a 1965, ya bar ta yana aji biyar sakamakon rasuwar mahaifinsa. A 1972 kawunsa ya kai shi babban birni, ya damƙa shi a hannun wani tsohon magini, inda ya shekara tara yana kwaɓi, yana ɗaukar bulo, kafin a yarda ya riƙe aiki shi kaɗai. Cikin duk abin da ubangidansa ya koya masa, magana guda ya riƙe fiye da saura. Tsohon yakan ce, “Taga hancin ɗaki ce. In aka tilasta ka ka toshe ta, ka toshe ta yadda na bayanka zai iya buɗewa.”

Aure da aiki

Ya yi aure a 1983, Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida, ɗaya ta rasu tana goye. A waɗannan shekaru birni ya cika ya batse, benaye suka matsi juna, masu gidaje suka shiga yayin toshe tagogi domin a sa iyakwandishan, a ƙara kuɗin haya. Kowane bene da janaretansa a gindin matakala, yana amayar da hayaƙi. Wannan aiki na toshewa shi ya ciyar da iyalin marigayi shekara goma.

Sai dai yana yin sa yadda aka koya masa. Ba ya cire firam, ba ya sarƙe sabon bulo da tsohon bango, kuma kwaɓinsa yashi ya fi yawa, siminti ɗan kaɗan. In ya gama shafe, sai ya danna babban yatsansa a kusurwar ƙasa ta waje, ya bar shaida.

Shekarun kunya

A 1994 wani mai gida ya kankare kwaɓin da makullin motarsa, ya ga yana zuba, ya kira marigayi ɓarawon siminti a gaban leburori. Marigayi ya nuna masa buhunan simintin da suka rage a ƙarƙashin matakala.

“Wannan wanda ka bari ke nan,” in ji mai gidan. “Ina wanda ka kwashe, Mai-Yashi?”

Daga ranar sunan ya bi shi. Manyan ayyuka suka ƙaurace masa, ya koma gyaran dakali da liƙe tsagar bango. A makaranta ana tsokanar 'ya'yansa, ana cewa kada a jingina da su, za su rushe. Matarsa ta sha ce masa, “Malam, ka faɗa musu dalilinka mana.”

Amsarsa ɗaya ce: “Wa zai ba da aiki ga maginin da ke gini don a rushe?”

Ita kuwa takan ajiye masa ruwan wanka, ta ce, “To, ni dai bangon da na jingina da shi bai zube ba.”

Haka aka yi shekara ashirin da biyu.

Buɗe tagogi

A 2016 hukumar birnin ta fito da ƙa'idar rage hayaƙin kabon da gine-gine ke jawowa, ta umarci masu tsofaffin benaye su shafa farin fenti a rufinsu, su kuma maido da tagogin da aka toshe, domin iska da haske su shiga, a rage dogaro da janareta. Aikin ya yi wuya. Tagogin da aka toshe da kwaɓi mai ƙarfi sai da inji, kuma sau da yawa bango ya tsage, 'yan haya su kwashe kaya.

Wata matashiyar injiniya ce ke kula da aikin a unguwar. A wani bene mai hawa shida, leburanta ya buga wa wata toshasshiyar taga guduma sau uku, bulo ya faɗo ciki, ga firam lafiya lau. Ta sa aka gwada ta gaba. Haka. Ta yi kwana huɗu tana cigiyar wanda ya yi aikin, ta same shi a tsugune yana gyaran dakalin wani mai shago.

“Baba, kai ka toshe tagogin benen can?”

Bai ɗago ba. Ya ce, “In maganar siminti ce, 'yata, ban ci ba.”

Ta durƙusa kusa da shi. “Baba, irin waɗannan guda nawa ka yi?”

Ya ajiye cokalin gininsa. Sannan ya wanke hannu ya ce, “Tashi mu je.”

Shekara uku suna bin layi-layi, yana nuna mata da sanda inda shaidar yatsansa take. Inda duk aka ga shaidar, aikin safiya guda ne, ba a tashi kowa daga ɗakinsa. A wasu benayen aka daina kunna janareta da rana. Wata tsohuwa da ta shekara goma sha takwas a ɗaki mai duhu ta ce ashe akwai bishiya a bayan gidan.

Laƙabin bai gushe ba, amma ya daina zama zagi. Har yau magina a unguwar, in za su toshe wuri na ɗan lokaci, sukan ce a yi irin na Mai-Yashi. Da aka gaya masa, cewa ya yi, “Ba nawa ba ne. Na ubangidana ne.”

Rasuwa

Ya rasu da hantsin wata Talata a 2023, a ɗakinsa, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara sittin da biyar. An yi jana'izarsa da yammacin ranar. Da aka biyo da gawar ta babban layin unguwar, mutane suka leƙo ta tagogi tun daga hawa na ɗaya har na shida, suna yi masa addu'a. Mai gidan nan na 1994, wanda tsufa ya hana shi saukowa, yana cikinsu.

Injiniyar ta kawo wa matarsa wani gutsuren shafen bango mai ɗauke da shaidar yatsansa. Yana nan a bakin tagarta, takan goge masa ƙura kowace safiya.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: babban, direban bas, mai bi masa, ungozoma, na uku, mai gyaran wuta, ta huɗu, malamar firamare, sai auta, wanda ya gaji gudumarsa. Ya kuma bar jikoki tara.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya buɗe masa taga a cikinsa.