Ranar da Malam Ya Mai da Ni Allo

Ni zabiya ne. A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, wannan ya isa kwatance. Ko baƙo ne ya tambayi gidan su zabiya, yara za su kai shi har ƙofarmu. Rana ba ta raga mini. Da damina in za mu gona, Inna takan naɗa mini tsohon zaninta a wuya, ta kifa mini malafa, amma duk da haka in dawo kafaɗuna sun yi jajur suna saɓa.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare aka kawo mana sabon malamin kimiyya. Saurayi ne ɗan gayu, bai daɗe da gama kwaleji ba, kuma yana son a yi dariya a ajinsa. Ni a bencin gaba nake zama, domin daga nesa ba na ganin rubutun allo.

Wata safiya ya shigo da wani dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, garai-garai kamar an yanko ƙanƙara. Ya sa aka rufe tagogi, aka bar 'yar kafa ɗaya inda rana ke shigowa siririya. Ya tara gilashin a gaban hasken, ya ce mu lura: hasken zai shiga ta gefe ɗaya, ya daki dogon gefen daga ciki, amma maimakon ya wuce, sai ya yi kwana ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya ce ba madubi ba ne, ba a shafa masa komai a baya ba. In haske ya iso iyakar gilashi da iska a karkace sosai, ba ya iya tsallakewa, dole ya koma ciki gaba ɗayansa. Da irinsa, in ji shi, ake haɗa tabaron hangen nesa.

Abin ya burge ni ƙwarai. Na miƙa wuya ina so in ga yadda haske ke yin kwana. Sai na baya suka ce ba sa ganin inda ya sauka, domin bangon ajinmu ya yi baƙi da dauɗa. Malam ya waiga yana neman farin abu, idonsa ya faɗa kaina.

"Kai, taso. Cire rigarka. Ga farin allo Allah ya ba mu."

Na ɗauka wasa ne, sai da ya ɗauki bulala. Na tuɓe, na tsaya a gaban aji. 'Yan mata suka toshe baki da hijabi, maza suna dukan benci. Hasken ya sauka a ƙirjina, Malam yana nuna shi da rula yana ci gaba da bayani, bakin rular yana gogar inda fatata ta saɓe.

Daga baya wani yaro ya ce Malam ya dubi yadda idona ke rawa. Malam ya murza gilashin a hankali, hasken ya hau wuyana, ya shiga idona. Na runtse, hawaye na zuba.

"Buɗe su gani," ya ce. "Ba mu gama darasi ba."

Tun daga ranar sunana ya koma Allo. Yara suka samo fasassun madubai. A hanyar gida, wadda ta ratsa tsakanin gonaki, sai su laɓe cikin gero su riƙa haska mini fuska, ina tafiya ina tuntuɓe da kunyoyin gona.

Inna ta ga idona ya kumbura, ta matsa mini har na faɗa mata. Ta yi ta shafa mini ruwan randa. Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin shugaban makaranta. Ya dawo ya zauna a zaure. Da Inna ta tambaya, ya ce an gaya masa dabarar koyarwa ce, kuma malaman kimiyya ba sa son zaman ƙauye, wanda aka samu sai a lallaɓa shi.

Malam ya ji an kai ƙararsa. Da ya shigo aji ya sanar cewa kada kowa ya ƙara taɓa ni, tunda ni ƙwai ne. Ya ce in kwashi littattafaina in koma bencin ƙarshe, can lungu, inda haske ba zai dame ni ba.

Daga can ba na ganin komai sai duhun allo da motsin hannunsa. Yaron da ke kusa da ni yakan rufe littafinsa da gwiwar hannu in na leƙa. Na faɗi jarrabawar zangon, har da darussan da a da nake cinyewa.

Baba ya duba sakamakon, ya ce tunda boko ya ƙi, ga gona. Shekarar nan a rana na yi ta, daga shuka har girbi. Sai da kawuna na Bici ya zo gaisuwa ya ga wuyana duk gyambo, ya yi wa Baba faɗa, ya ce in haɗa kayana in bi shi Bici. Inna ta raka mu bakin titi, ta tsaya har motar da muka shiga ta cika.