Zakaran da Ya Jira Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Tudun Wada ta Jos, ni da ƙanwata da mahaifinmu. Baba na kujerar gaba cikin rigar sanyi biyu, bai ko tambayi inda za mu ba. Tun da Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa wata biyar da suka wuce, haka ya koma. Abinci cokali biyu ne, sai ya ture kwano. Likita ya duba shi ya ce babu ciwon da zai rubuta wa magani, mu dai fitar da shi ya sha wata iska. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji kada mu rasa shi kafin shekara ta zagayo.

Wani ƙauye muka nufa a kan duwatsu, can gaba da Bokkos. Ni kayan gwari nake sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma na daɗe ina sayen dankalin turawa a hannun wani manomi na can, Kirista. Kullum sai ya ce in zo in huta, kullum sai in ce sai an kwana biyu. Duk ɗan Jos ya san abin da ke sa mutum ya jinjina irin wannan tafiya kafin ya yi ta.

Daga Bukuru zuwa Barikin Ladi titi lafiya lau, ban da tsaye-tsaye a shingen jami'an tsaro. Na nuna wa Baba tafkunan da haƙar kuza ta bari, don a irin waɗannan barikoki na masu haƙar kuza aka haife shi. Ya kalla, ya kau da kai. Bayan Bokkos kwalta ta ƙare, mota ta kama hawa tana nishi. Mun tsaya wurin wasu mata masu gasa masara, na tambayi kuɗin kabejin da ke gabansu. Da na ji farashin, sai da na ji kunyar ribar da nake ci.

Ƙauyen kuwa, wanda bai je ba zai ɗauka ƙari nake yi. Gajimare yana saukowa har tsakar gida. Kowane gida da shingensa na ƙerana mai ƙaya, bayansa gonar acca da ta dankali, sai dogayen itatuwan turare da wata ƙorama mai ruwan da ke sa haƙori tsami. Babu hon ɗin keke, babu ihun 'yan dako. Waya ma ba ta kamawa sai ka hau wani dutse. Ni da kunnena ya saba da Farin Gada, shirun ya hana ni sakewa a ranar farko.

A nan muka tafka kuskure. Ƙanwata ta cika kuloli biyu da abinci tun daga gida, wai ba mu san me za a dafa mana ba, kuma ba mu san wa ya yanka ba. Muka shige ɗaki muka ci namu. Matar gidan ta leƙo ta ga kulolin, ta yi mana sannu da hanya, ta koma. Har yanzu in na tuna sai in ji nauyi. Baba kuwa ko kallon abincin bai yi ba.

Washegari da hantsi mun shimfiɗa masa tabarma a rana, sai ga mai masaukinmu da jan zakara a hammata da wuƙa a hannu, ya nufi Baba. Na miƙe da sauri zan karɓa, na ce Baba ba shi da ƙarfi. Ya janye hannunsa.

"Oga, ba kai ba," in ji shi. "A nan in baƙo Musulmi ya zo, babba ne yana yanka, don kowa ya sa hannu a kwano ɗaya. Tun jiya zakara yana jiran Baba."

Baba ya daɗe yana kallon wuƙar. Can ya karɓa, ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya ɓata fuska. Ya ce wannan ai sai ta wahalar da dabba, a kawo masa dutsen washi. Ya zauna yana wasa ta, yana faɗa, irin faɗan da yake yi mana muna yara in mun taɓa almakashinsa, don Baba tela ne. Rabon da in ji muryarsa ta tashi haka tun ranar jana'iza. Ya tambayi gabas, ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla ya yanka. Ya goge wuƙar ya miƙa wa mai ita.

Matar gidan ta yi gwaten acca da yakuwa da gauta, ta kawo tare da naman. Muka zauna mu duka, babu wanda ya ambaci kula. Baba ya ci, ya ƙara. Yana suɗe hannu ya ce, "Mamarku ma haka take sa gauta da yawa." Ranar ce ya fara ambatonta tun rasuwarta. Ƙanwata ta tashi ta zaga bayan ɗaki, ni kuma na duƙufa a kan kwano don kada a ga idona.

Da la'asar ya hango yagewa a kwat ɗin mai gidan, ya nemi allura da zare. Kafin mu bar ƙauyen maƙwabta sun ji labari, kaya sun taru a gefen tabarmarsa, yana ɗinki yana kushe aikin telolin zamani.

Rana ta uku muka sauko da buhun dankali da aka hana ni biya. A hanya na yi ta tunani. Mun je neman shiru da iska mai sanyi, kuma mun samu, duk mai son hutu zan ce masa ya je. Amma abin da na koyo daban ne. Wata biyar muna kashe Baba da tausayi. Mun rufe masa shago, mun hana shi ɗaukar ko buta, muna cewa ya huta. Sai da wanda muke tsoron cin abincinsa ya miƙa masa aiki, sannan ya tuna yana da sauran amfani.

Mun shigo Jos ana kiran la'asar. Na tsaya a ƙofar gida, na zagayo zan kama shi ya fito, sai ya ture hannuna.

"Makullin shagona yana wurin wa?"

Yana aljihuna, tun ranar sadakar uku. Na ciro na ba shi.