Damanar da Rauta ta Wahalar da Mu

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin damanar nan za ta fita daga raina. Lokacin muna zaune a Haɗeja, ni da marigayi maigidana, sana'armu ɗaya, rubuta manhajar kwamfuta. Mun yi wa wani ƙaramin asibitin haihuwa a wajen Auyo manhaja, bayanan masu ciki kuma suna can a wani rumbun bayanai mai nisa, sai ta intanet ake isa gare su.

Da ambaliya ta cinye asibitin, ungozoma ta kwashe aikin ta mayar gidanta, ta jona kwamfutar da ƙaramar rautar gidan, wato na'urar da ke haɗa ta da intanet. Nan matsala ta fara. Idan ta tashi duba mace ta dawo, sai ta tarar manhaja ta sandare. Wata safiya ta kira ni ta ce: "Hajiya, ga mace tana zubar da jini, na kasa buɗe bayananta in ga rukunin jininta!" Allah ya taimaka matar ta tsira, amma ranar ba mu iya cin abinci ba.

Washegari muka hau babur muka nufi gidan ungozomar, inda hanya ta yanke muka shiga kwalekwale. Ruwa ya shafe gonakin shinkafa. Maigidana yana rungume da jakar kwamfuta kamar jariri, ni ina yi masa dariya.

Na dage laifin rumbun ne, shi ya ce sabis ne. Muka wuni a kan tabarma a zaure muna gardama, duk gwajin da muka yi lafiya lau. Sai da muka tashi muka yi sallah muka ci soyayyen kifi, da muka dawo muka tarar manhaja ta sandare. Ya dube ni ya ce, "Kin lura? Sai mun ƙyale ta take mutuwa." Na ce, "To rautar ce, Malam! In ta ji shiru sai ta share layin da ke tsakanin manhaja da rumbun, ba ta gaya wa kowa." Na saita manhajar ta riƙa aika ɗan saƙo akai-akai ko ba a taɓa ta ba. Muka naɗe hannu muka zuba mata ido har la'asar sakaliya. Ungozoma ta danna, bayanai suka buɗe, ta rangaɗa guɗa.

A hanyar dawowa yana ta tsokanata wai ba zai sake gardama da ni ba. Ni kuwa duk na ƙosa mu isa gida in huta. Da na san damanarmu ta ƙarshe ke nan, da na roƙi mai kwalekwale ya sassauta tuƙi.

Abin da na koya shi ne, ranar wahala tare da wanda kake ƙauna, kada ka yi gaggawar ta wuce. Wata rana ita za ka nema ka rasa.